Hirar Bakin Shagon Gem: Mu da Masu Rufe Fuska

Mu a unguwar nan abu uku ne ba a gama musunsu: Messi da Ronaldo, wane mai shayi ne ya fi iya soya ƙwai, sai kuma wa zai ci wani tsakanin Batman da Superman. Na ukun nan ya fi daɗewa. Tun muna leƙen tagar shagon gem ba mu da kuɗin shiga ake yinsa, ga shi yau wasunmu da 'ya'ya, alƙali bai yanke hukunci ba. Abin dariyar, duk faɗin majalisar da ƙyar ka sami wanda ya taɓa riƙe littafin zanen da aka haifi jaruman nan a cikinsa. Superman tun 1938 yake yawo a takarda, Batman ya biyo shi a 1939, Spider-Man ya zo 1962, amma mu a katun da fim muka san su. Wasu ma sai da aka fassara fim ɗin da Hausa suka daina tambayar abin da ya sa bawan Allah yake ɗora kamfai a kan wando. Daga fim kuma sai gem, kuma a nan ne aka daɗe ana cin kuɗinmu, mu kuma muna miƙawa da hannu biyu.

Halinmu ne, kowa ya san da shi. A zamanin PS2, in mutum ya tara 'yan kuɗinsa ya shiga kasuwa sayen faifai, ba ruwansa da wane kamfani ya yi, ba ruwansa da ko wani ya taɓa bugawa. Hoton kwali kawai yake kallo. Da ya ga Iron Man ya ɗaga tafin hannu yana walƙiya, magana ta ƙare. Ya dawo unguwa yana taƙama, yara na biye da shi, a ta da inji, a zauna. Da farko kowa na “kai! kai!”. Kafin rabin awa ɗakin ya yi tsit, can sai wani ƙaramin yaro ya ce, “Yaya, ko a mayar mana da ƙwallo?” Mai faifan kuma ko za a yanka shi ba zai yarda an cuce shi ba. Sai ya ce ai ku ne ba ku iya ba, daɗin yana gaba. Gaban nan har yau ba wanda ya kai.

Masu ɗan karance-karance a cikinmu su suka warware mana yadda abin yake. Kamfanin gem ba shi ke da jarumin ba, haya yake karɓa daga Marvel ko DC, ya zube kuɗi masu nauyi kafin a zana ko da yatsan jarumin. Sannan a ce masa fim zai fito ranar kaza, dole gem ya shiga kasuwa a lokacin, don ya ci albarkacin tallar fim. Gem mai kyau shekaru yake ci, su kuma sau da yawa ko rabin abin da suke buƙata ba a ba su. Ɗinkin jajibirin Sallah ke nan: ranar ba ta matsawa, tela ne zai rage aiki, ka karɓi riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a ce maka haka ake yayi. Haka aka yi Catwoman a 2004, fim ya faɗi, gem ya bi bayansa. Haka Sega ta yi Iron Man a 2008, ba ta daddara ba ta ƙara da Thor a 2011.

Amma sarkinsu duka, wanda ko a ƙasashen da aka ƙirƙiri sana'ar in ana lissafin gem mafi muni sai an kira sunansa, shi ne Superman na Nintendo 64, wanda kamfanin Titus na Faransa ya fitar a 1999. Ga mutumin da ke tare jirgin sama da hannu, harsashi na tsalle daga ƙirjinsa. Me aka ba shi ya yi? Ya yi ta kutsawa cikin zobban da aka jera a sararin sama, agogo na ƙirga masa lokaci, in ya kuskure 'yan kaɗan a mayar da shi farko. Garin kuma an lulluɓe shi da koren hazo, wai tiririn kryptonite ne, alhali ɓoye gazawar zanen nesa ake yi. Masu yin gem ɗin sun ce masu jarumin ne suka ɗaure musu hannu, har ba a yarda Superman ya doki mutanen gaske ba, shi ya sa aka ce duk labarin a wata duniyar kwamfuta da Lex Luthor ya ƙera yake faruwa. Duk da haka gem ɗin ya yi kasuwa da ya fito. Su wa suka saya? Irinmu na can. Ashe ciwon ba na unguwarmu kaɗai ba ne.

A nan 'yan Superman na majalisa suke shan wuya. A musun baki kullum su ke da nasara, don hujjarsu ɗaya ce, mutuminsu ba ya mutuwa. To abin da ke ba su nasara a baki shi ke kashe su a gem. Wasan da ba za a iya cin ka ba, me za ka buga a ciki? Daɗin gem ai fargaba ce: jininka ya kusa ƙarewa, tafin hannunka na gumi, na bayanka na ihu “yi tsalle! yi tsalle!”. In aka bar wa Superman duk ƙarfinsa, babu wasa. In aka rage masa har ɗan daba ya kayar da shi da gora, babu Superman. EA ta gwada wata dabara a Superman Returns na 2006, ta cire masa ma'aunin jini ta ɗora wa birnin Metropolis, in aka rusa gari da yawa ka faɗi. Tunanin ya yi, aikin ne bai kai ba, don bos na ƙarshe ma guguwa ce. Ka sha wahala tun farko kana jiran ranar da za ka damƙi Lex Luthor, a ƙarshe a haɗa ka dambe da iska. Duk ranar da aka tuna musu wannan, sai su ce don Allah a canza magana.

'Yan Spider-Man kuwa bakinsu ya fi na kowa tsawo, kuma da gaskiyarsu. Na PlayStation ta farko, wanda Neversoft ta yi a 2000, Stan Lee da kansa ke ba da labari a ciki, ya yi daɗi ƙwarai. Sai dai zaren gizo-gizon a sararin Allah yake maƙalewa, kuma ba wanda ya taɓa tambaya a cikinmu a jikin me yake rataye. A 2004 Treyarch ta kawo Spider-Man 2, inda wani ma'aikacinsu, Jamie Fristrom, ya dage sai zaren ya kama gini na gaske. In babu abin kamawa kusa, ƙasa za ka sha. Ka saki zare da wuri ka miƙa gaba, ka jinkirta ka yi sama. Wannan abu guda shi ya ɗaga gem ɗin. Ayyukan ciki ba wasu na a zo a gani ba ne, kai wa mutane pizza, kamo wa yaro balan-balan ɗinsa da ta tashi, amma za ka ga yaro ya biya kuɗin awa guda bai yi faɗa ko ɗaya ba, sai lilo daga wannan bene zuwa wancan a Manhattan. In aka ce lokacinsa ya cika ya marairaice, “Oga, don girman Allah bari in hau dogon can tukuna.” Shi ma fa gem ɗin fim ne, tare da fim ya fito. Bambancin kawai, an sami wanda ya zauna ya tambayi kansa wane abu ne in mutum ya yi da yatsunsa zai ji shi ne Spider-Man. Wanda kuma ya sayi na kwamfuta a shekarar, suna ɗaya, hoto ɗaya, wani gem daban ya tarar, na ƙananan yara, da wani kamfani ya haɗa. Ya yi ta rantsuwa an canza masa faifai a kasuwa.

Shekarar 2009 ce 'yan Batman suka sami bakin magana, kuma har yau ba su rufe shi ba. Wani ƙaramin kamfani a Landan, Rocksteady, wanda gem ɗaya tak ya taɓa fitarwa kafin nan, ya kawo Batman: Arkham Asylum. Babu fim ɗin da yake bi a guje. Suka ɗauko Paul Dini, ɗaya daga marubutan katun ɗin Batman na shekarun 1990, ya rubuta labari, Kevin Conroy ya yi muryar Batman, Mark Hamill ya yi ta Joker, kamar yadda suka yi a katun. Faɗan kuma ba haddar maɓallai goma ba ce. Ɗaya na duka, ɗaya na tare hari, in alama ta fito a kan ɗan iskan da ke shirin maka maka bututu ka danna, Batman ya juya ya karɓe. Ƙwarewar tana cikin lokacin dannawa. Yaro ɗan firamare zai iya, gwani kuma zai jera duka masu yawa ba a taɓa shi ba, majalisa na ƙirga masa da ƙarfi.

Inda abin ya fi tsuma mu shi ne ɗakin masu bindiga. Ka shiga da gadara, kafin ka ce me an gama da kai, don Batman mutum ne, harsashi na huda shi. Dole ka hau can sama ka laɓe a kan gumakan dutse, ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kana kallon bugun zuciyarsu na ƙaruwa, na ƙarshen ya rikice yana harbin inuwa. A nan ne muka gane ashe ƙarfin Batman tsoron da ake ji nasa ne. Akwai ma wurin da Scarecrow ke sa hoton ya tsaya cak, layuka su bazu a allo. Duk wanda bai sani ba sai ya miƙe ya nufi soket, mai shago na faɗin “Kai yaro, me ka taɓa min?” Ashe wasan ne yake wasa da mu.

Wani dattijo da ke zama kusa da mu yana sauraron rediyo, wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba, shi ya taɓa yanke mana zancen. Ya ce, “To ku samari, na ga dai wanda kuke cewa ba ya mutuwa ba ku son wasansa, sai wanda ake iya bugewa.” Aka yi dariya, amma ba wanda ya iya ba shi amsa. Ka duba duk waɗanda suka yi suna. Spider-Man talaka ne, kuɗin haya na damunsa, in aka rufe shi da duka yana ji a jikinsa. Wolverine yana warkewa, amma a gem ɗinsa na 2009, wanda Raven Software ta yi, kana ganin fata na yagewa har ƙashi ya bayyana kafin ta haɗe. Wannan ma shi ne abin al'ajabin da ba a cika gani ba: fim ɗin ya ba da kunya, gem ɗin ya fi shi nesa ba kusa ba, don sun fara aikinsu tun kafin a liƙa masa sunan fim.

Da Insomniac ta fitar da Marvel's Spider-Man a PS4 cikin 2018, ta sayar da kwafi miliyan 3.3 a kwana uku, Sony kuma ta saye kamfanin gaba ɗaya a 2019 kan dala miliyan 229, sai muka ce shi ke nan, an gano bakin zaren. Mu ma muka zama malamai, kowa na fashin baƙi a kan yadda ake gem mai inganci. Sai dai a faɗi gaskiya, in aka zo shago waɗannan manyan ba su muke bugawa ba. Na mutum ɗaya ne, sauran sai kallo, mai shago kuma hannu biyu yake so su yi aiki. Shi ya sa Injustice na 2013, wanda masu Mortal Kombat suka yi, ya fi samun shiga. Nan ne musun baki yake komawa yatsu. Sun ma yi wayo, suka ƙirƙiro wata ƙwaya a labarin da ke ƙara wa mutum ƙarfi, don kada a tambaye su yadda Harley Quinn ke shan naushin Superman ta miƙe. In ɗan Batman ya ci, sai ya ce kun gani. In an ci shi, sai ya ce, “Mutumina, hannun nan nawa maɓallinsa ɗaya ya mutu, mu yi musaya.” Tun da aka buɗe shagon ba a taɓa cin kowa da hannu mai lafiya ba.

Muna zaton an wuce wurin, ashe tsohon ciwo ne ya tafi, sabo ya zo. Da ana gudun kada fim ya wuce, yanzu ana so gem ɗaya ya yi ta tatsar mutum shekara da shekaru. Marvel's Avengers na 2020, wanda Crystal Dynamics ta yi wa Square Enix, shi ya fara nuna mana. Farkonsa ya burge mu, don labarin a hannun Kamala Khan yake, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan daga Jersey City, ita ce ke tattaro jaruman bayan sun watse. Da labarin ya ƙare sai aka bar ka da aiki ɗaya: ka doki mutum-mutumin ƙarfe iri ɗaya a ɗaki iri ɗaya, ka tsinci kayan ƙarin ƙarfi da ko a jikin jarumin ba a gani, in kana son riga mai kyau ka kawo kuɗi. Hulk guda, wanda a Ultimate Destruction na 2005 yake raba mota biyu ya sa a hannu ya yi dambe da ita, an mayar da shi mai lissafin lambobi. Ƙarshen Satumba 2023 aka janye gem ɗin daga kasuwa.

Wanda ya fi ƙona mana rai shi ne Suicide Squad: Kill the Justice League na 2024, don Rocksteady ce, masu Arkham da kansu, bayan mun jira su tun 2015. Jarumai huɗu, kowa da fasaharsa a littafi, aka damƙa wa kowannensu bindiga. Mai bumeran da bindiga, King Shark, ƙaton kifin da cizo ne sana'arsa, shi ma da bindiga. Sannan da ya fito ko kai kaɗai za ka buga sai da intanet a kunne. Mu da ke lissafin data, wuta kuma sai ta ga dama, wannan ai ba da mu ake ba. Na farko, ka ƙona data kafin ka sauke. Na biyu, kana tsakiyar faɗa sabis ya ɗauke a watso ka waje. Warner, mai gem ɗin, ta ce abin ya ja mata asarar dala miliyan 200. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba kuma intanet ɗin ne laifi ba, don Marvel Rivals da NetEase ta ƙasar Sin ta fitar kyauta a Disamban 2024 shi ma da intanet ake yinsa, mutane kuma suka yi masa rubdugu, saboda tun tushe don haka aka gina shi, kuma kowane jarumi da irin tafiyarsa da irin dukansa.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2021 Eidos-Montréal ta Kanada ta fitar da Guardians of the Galaxy, na mutum ɗaya, ba a tatsar kowa, labari mai daɗi har ya ci kyautar labari mafi kyau a bikin The Game Awards na shekarar. Me muka yi? Muka kalli kwalin muka ga itace mai tafiya da wata dabba mai jela riƙe da bindiga, muka ce wannan na yara ne, a ba mu mai Batman. Haka muka sayi Gotham Knights a 2022, wanda tun farkon labarinsa aka ce mana Batman ya mutu, muka zauna muna jiran ya tashi. Su ma masu Guardians sun ce cinikinsa na farko bai kai yadda suka sa rai ba. Mu ke kukan ba a yin na kirki, in an yi kuma mu wuce shi a kanta. A waya ma haka: kowa ya sauke Contest of Champions don ya ga fuskokin da ya sani, ya ƙare yana fasa duwatsun sa'a yana addu'ar Allah Ya sa Thor ya fito, kullum kuma wanda yake da shi ake maimaita masa.

Kada kuma wani ya ce mun yi hankali. A 2025 aka soke gem ɗin Wonder Woman aka rufe Monolith, kamfanin da ke yinsa, EA kuma ta soke na Black Panther ta rufe kamfanin da ke yinsa. Ranar da labarin Black Panther ya iso majalisa, sai ka ce rasuwa aka yi. Wani ya ce da ya fito da ya binne Arkham, wani ya ce baƙin ciki ake mana don jarumin ɗan Afirka ne. Aka tambaye su ko akwai wanda ya ga yadda ake buga shi, ko da na minti ɗaya. Babu. Yanzu kuma Wolverine na Insomniac, wanda aka sanar tun 2021, shi ne a bakin kowa, har an fara rabon waye zai fara riƙe hannu. Mai shago dai ya ce duk wanda ya matsa masa ya sayo, in ya zo bai yi daɗi ba, shi zai zauna ya buga shi har ƙarshe a gaban jama'a, kuma kuɗin mai a aljihunsa.